Ƙarfe Riƙo Yake Yi, Ƙashi Ne Ke Warkewa: Shekarar Jinyar Mai Aikin Baya a Dakoro

A ƙasar Dakoro, can arewacin jihar Maraɗi, baya shi ne jarin talaka. Da shi manomi ke ɗaga damin gero ya jefa rumbu, da shi makiyayi ke tarbar wasaki cike da ruwa a bakin rijiya mai zurfi, da shi mace ke daka, ga goyo, ga jarkar ruwa a ka. Shi ya sa in aka ce wane ya dawo daga Yamai ko Kano an sa masa ƙarfe a baya, nan da nan gari ke ɗauka. Ƴan dubiya su cika zaure, kowa da tambayar da ke cinsa. Zai sake noma? Zai iya ruku'u da sujada? Ƙarfen nan ba ya tsatsa a cikin jiki?

Tambayoyin duk suna kan hanya, amma akwai wadda ta fi su nauyi, kuma ba kasafai ake yin ta ba: me ke faruwa a cikin bayan nan a watanni 12 da ke biyo bayan aikin? Likita yana gama nasa cikin ƴan sa'o'i. Haɗewar ƙashi kuwa, wadda dominta aka yi aikin, a gida take faruwa, a kan gadon majinyaci da tsakar gidansa, kuma halin da iyali suka riƙe shi da shi yana da hannu babba wajen ta yiwu ko ta lalace.

Yadda aka gina kwankwaso

Gadon bayan mutum ƙasusuwa 33 ne jere bisa juna: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a kwankwaso, sauran kuma sun manne da juna a ƙasa tsakanin ƙugu da tsatson zama. Biyar ɗin nan na kwankwaso su ne mafi girma, domin su ke ɗauke da nauyin gangar jiki da duk abin da aka ɗora a ka ko a kafaɗa. Likitoci na lissafa su daga L1 zuwa L5, ƙashin da ke ƙarƙashinsu kuma S1. Wanda ya taɓa riƙe takardar sakamakon hoton baya zai ga yawanci L4 da L5, ko L5 da S1 ake rubutawa, don nan ne gaɓoɓin da suka fi shan wahala.

Tsakanin kowane ƙashi da maƙwabcinsa akwai faifan guringuntsi mai taushin ciki, wanda ke shanye girgiza, a baya kuma akwai ƙananan gaɓoɓi biyu masu tsare juyawa. Laka, wadda ke saukowa daga ƙwaƙwalwa, tana ƙarewa ne wajen L1 ko L2. Daga nan jijiyoyi ke bazuwa su gangara ƙafafu, mara da mafitsara. Wannan ne dalilin da ya sa ciwo yana kwankwaso amma mutum ya riƙa kukan ƙafa, ya ce wuta na bin cinyarsa har babban yatsa.

An auna nauyin da faifan nan ke sha. A 1999, a ƙasar Jamus, Hans-Joachim Wilke da abokan aikinsa sun sa ƴar na'ura a cikin faifan L4 da L5 na wani mutum mai lafiya. Suka ga matsin da faifan ke sha in mutum na tsaye ya ninka na kwance sau biyar. In kuma ya duƙa da lanƙwasasshen baya ya ɗaga kilo 20, matsin ya ninka na tsaye fiye da sau huɗu. Da ya rungume kayan kusa da jiki, matsin bai kai rabin na duƙen ba. Kilo 20 ɗin nan bai ma kai jarkar ruwa mai lita 25 ba, irin wadda ƴan mata ke jigila da ita kullum a Kornaka da Birnin Lalle.

Wa ke bukatar a haɗe masa baya

Ciwon baya cuta ce ta duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso, kuma adadin zai iya kaiwa miliyan 843 nan da 2050. Mafi yawansu ba su bukatar wuƙa ko kaɗan. A 2005 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Birtaniya ƙarƙashin Jeremy Fairbank, inda aka raba masu daɗaɗɗen ciwon baya 349 gida biyu: wasu aka haɗe musu ƙashi, wasu aka sa su horon motsa jiki mai tsari. Bayan shekara biyu ba a ga ratar a zo a gani tsakaninsu ba. A 2016 wani gwaji a Suwidin kan mutum 247 masu tsukewar hanyar jijiya ya nuna buɗe wa jijiya hanya kaɗai ya yi amfanin da buɗewa tare da haɗe ƙashi ya yi.

Inda aikin ke da gurbi shi ne inda baya ya rasa tsayuwarsa: karaya daga hatsarin mota ko babur, faɗowa daga bishiya, daga raƙumi ko cikin rijiya, ƙashi ya zame daga kan ɗan'uwansa yana danne jijiya, karkacewar baya mai tsanani, ko cuta ta cinye ƙashi har ya fara rushewa.

Wannan na ƙarshe yana shafar ƙasashenmu ƙwarai, kuma shi ne asalin aikin gaba ɗaya. Tun 1779 likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana cutar da ke fitar da doro ta shanye ƙafafu, wadda daga baya aka gano tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya. A 1911 likitoci biyu a birnin Niyok na Amurka, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa da tasa dabara, suka fara haɗe ƙasusuwan baya domin masu wannan cuta. Albee daga ƙwaurin majinyaci yake yanko ƙashi ya dasa a baya. Yau magani ya sauya lissafi. Gwaje-gwajen da aka fara tun shekarun 1960 a Koriya, Bulawayo da Madaras sun nuna ƙwayoyin maganin tarin fuka kaɗai na warkar da mafi yawan masu cutar, har ƙasusuwan su haɗe da kansu. A Nijar kyauta ake ba da maganin, ana shan na ƙashin baya wata 9 zuwa 12. Wanda bayansa ke ciwo dare da rana, yana rama, yana zazzaɓin yamma da gumin dare, asibiti ya kamata ya nufa tun doro bai fito ba. Makiyayan Kwarin Tarka da na wajen Bermo su ƙara da sanin cewa ɗanyar madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kama ƙashin baya.

Daga Dakoro zuwa ɗakin tiyata

Aikin ƙashin baya na ƙwararru ne, kuma a manyan birane suke. Majinyacin ƙauye yakan fara da ƙaramin asibitin karkara, a tura shi asibitin gunduma na Dakoro, daga nan Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 100 ta Kornaka da Tibiri. In abin ya kai ga sa ƙarfe, sau da yawa sai Yamai, wadda ke da nisan fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. Can ne Asibitin Ƙasa yake, inda sunan Farfesa Samuila Sanoussi ya yi fice wajen kafa fannin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a Nijar, ga kuma Babban Asibitin Ƙwararru mai gado 500 da aka ƙaddamar a 2016. Wasu kan nufi Damagaram. Wasu kuma su tsallaka iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa tun 1959, ko su je cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Kafin a kai ga wannan mataki, gida ya riga ya girgiza. An sayar da bijimi, an taɓa awakin uwargida, ɗan da ke ci-rani ya aiko da abin da ya tara. Irin wannan ɗawainiya ita ke sa jama'a su ɗauka ranar sallama daga asibiti ita ce ƙarshen wahala, alhali a ranar ce jinyar gaskiya ke somawa.

Abin da likita ke yi

Majinyaci na kwance rub da ciki, an sa shi barci. Likita ya tsaga tsakiyar baya, ya janye tsoka gefe da gefe, ya buɗe wa jijiyar da ta matse hanya. Sai ya ɗaura kusoshi masu murɗi, biyu a kowane ƙashi, ya haɗa su da sandunan ƙarfe. Likitan Faransa Raymond Roy-Camille ne ya shahara da fito da wannan hanya ta kusoshi a shekarun 1960, a daidai zamanin da Paul Harrington ke amfani da sandar ƙarfe a Amurka yana miƙe bayan yaran da shan inna ya karkata.

Daga nan sai aikin da ba a gani a hoto amma shi ne zuciyar lamarin. Likita ya kankare fuskar ƙasusuwan har jini ya tsattsafo, ya shimfiɗa gutsattsarin ƙashi a kai. Yakan samo su daga ƙashin da ya cire a wurin, ko daga ƙashin ƙugun majinyaci. Wani lokaci yakan cire faifan da ya lalace, ya cusa ɗan akwati cike da garin ƙashi a gurbinsa. Buri shi ne ƙasusuwa biyu su zama ɗaya.

Duk wanda ya taɓa ganin mai ɗori ya san karan da yake ɗaurewa a karyayyen hannu ba shi ke haɗa ƙashi ba, hana shi motsi yake yi har jiki ya yi aikinsa. Matsayin ƙarfen baya ke nan, sai dai shi a ciki yake. Kuma ƙarfe yana gajiya. In aka yi ta lanƙwasa shi dubban lokuta kafin ƙashi ya kama, kusa takan yi sako-sako ko sanda ta karye.

Wata bayan wata

A makon farko da na biyu wurin yana cike da gudan jini da kumburi. Kumburin nan na cikin aikin warkewa, domin shi ke kiran ƙwayoyin jiki masu share matacce da masu gina sabo. Mafi yawan ƙwayoyin ƙashin da aka dasa mutuwa suke yi, amma gutsattsarin na zama matattakala da sabon ƙashi zai bi, suna kuma sakin sinadaran da ke umartar jiki ya yi ƙashi. Marshall Urist ne ya gano wannan sirri a 1965 a Amurka. A wannan lokaci akan tayar da majinyaci ya taka tun kwana ɗaya ko biyu da aiki, don tafiya na hana jini daskarewa a ƙafa, tana buɗe huhu. Wajen mako biyu ake cire zare.

Daga mako na uku zuwa wata na uku ƙananan hanyoyin jini na ratsa dashen, ana saƙa sabon ƙashi mai taushi. Nan ne wuri mafi hatsari, domin fata ta warke, ciwon ƙafa ya lafa, mutum na jin kansa garau. Masu dubiya na cewa, "Kai Malam, alhamdu lillahi, ai ka miƙe!" Ƙanensa na cewa, "Yaya, gobe kasuwa, ko a goya ka a babur?" A ciki kuwa gadar ƙashin ba ta isa ɗaukar komai ba. Dokar waɗannan watanni uku ce: ban da duƙawa, ban da murɗa jiki, ban da ɗaukar abin da ya wuce kilo 4 ko 5, wato kamar tiya biyu ta hatsi.

Ko tashi daga kwanciya sai an koya. Majinyaci zai tanƙwashe gwiwoyi, ya mirgina gefe, kafaɗa da ƙugu su tafi tare. Ya sauke ƙafafu daga bakin gado, ya dogara da gwiwar hannu da tafin ɗayan hannun, ya tura kansa zaune, baya a miƙe. Wanda ke kwana kan tabarma a ƙasa ba zai iya wannan ba, saboda haka gado mai tsayi da katifa mai tauri suna cikin magani. Haka ma kujera mai rami da za a ɗora kan masai, domin tsuguno na lanƙwasa kwankwaso ƙwarai.

Daga wata na uku zuwa na shida sabon ƙashi na taurara, yana fara bayyana a hoto, fari-fari a gefen kusoshi. Nan ake ƙara tsawon tafiya, a fara motsa jikin da ke ƙarfafa tsokar ciki da ta baya. Tsakanin wata 6 zuwa 12 ne yawanci likita ke iya cewa ya kama. Bayan haka ma jiki bai gama ba: har shekara biyu yana rushe ƙashi yana sake ginawa daidai da inda nauyi ke bi, kamar yadda likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana tun 1892. Wannan ne ya sa tafiya a ƙasa kullum take ƙarfafa haɗin, doguwar kwanciya kuma take raunana shi.

Jijiya ita ma da nata lokacin. Zafin da ke bin ƙafa yakan tafi da wuri, amma dindiris da raunin tafin ƙafa sukan daɗe, don jijiyar da ta ji rauni tana farfaɗowa ne da kamar milimita ɗaya a yini. Wadda ta daɗe a danne kuma wani lokaci ba ta dawowa duka, shi ya sa jinkirin zuwa asibiti ke da tsada.

Abubuwan da ke hana ƙashi kamawa

Na farko taba. A 1986 likitoci a Amurka sun bi mutum 100 da aka yi wa wannan aiki, rabi masu shan sigari, rabi marasa sha. A cikin masu sha, kashi 40 cikin ɗari ƙashinsu bai haɗe ba. A cikin marasa sha kashi 8 ne kacal. Sinadarin nikotin yana tsuke ƙananan hanyoyin jinin da dashen ke rayuwa da su, kuma yana nan cikin tabar da ake taunawa da kanwa, da wadda ake shaƙa, da shisha.

Na biyu ƙwayoyin kan tire. Magungunan kashe ciwo irin su diklofenak da ibuprofen, in aka sha su da yawa a makonnin farko, suna danne kumburin da ƙashi ke bukata. Deksametazon, wanda wasu ke sha don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, yana raunana ƙashi. Tramol kuma yana ɓoye ciwo, mutum ya yi aikin da ya fi ƙarfin bayansa bai sani ba, ga jaraba da ke biyo baya. Majinyaci ya tsaya kan abin da likitansa ya rubuta.

Na uku abinci. Da abin da aka ci ake gina ƙashi. Fura da tuwo kaɗai ba su isa ba, sai an haɗa da wake, gyaɗa, ƙwai, nama in ya samu, zogale, tafasasshiyar madara, nono da cuku, kuma duk ana samunsu a ƙasar Dakoro. Hantsin safe na ba jiki bitamin D, abin da matan da ba su cika fita ba ke iya rasawa. Mai ciwon sukari ya kula da sukarinsa, domin yana jinkirta warkewa yana kuma jawo ruɓar rauni.

Na huɗu hanya. Jijjigar babur a kan rairayi da burji, amalanken shanu, jaki da raƙumi, duk suna girgiza haɗin da bai nuna ba. Kada kuma a bar kowa ya taka bayan, ko ya ja shi, ko a yi ƙaho ko tsaga ko sakiya kusa da wurin aiki. Ƙwayar cuta in ta sauka kan ƙarfe, fitar da ita aiki ne ja.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: zazzaɓi tare da ruwa ko mugunya daga rauni, ƙafa ta yi sabon rauni, fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba a sani ba, dindiris a tsakanin cinyoyi da mazauni, ko sha-raɓa ya kumbura da zafi. Ko tsakar dare ne a nemi mota.

Bayan da ya haɗe ba irin na da ba ne

In komai ya tafi daidai, gaɓar da aka haɗe ta daina motsi har abada. Wanda aka haɗe wa gaɓa ɗaya da wuya ya lura da bambanci mai yawa, domin kaso babba na duƙawar mutum daga ƙugu yake fitowa. Wanda aka haɗe wa uku ko huɗu zai ji tauri wajen sa takalmi, wanke ƙafa a alwala da ɗaukar abu daga ƙasa.

Motsin da aka hana wannan gaɓa yana komawa kan maƙwabtanta na sama da ƙasa, da mahaɗar ƙugu. Da tafiyar shekaru faifan da ke sama da ƙarfen kan fi saurin lalacewa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 kan mutum 215 ya ƙiyasta cewa kashi 16.5 cikin ɗari za su bukaci sabon aiki a gaɓar maƙwabtaka cikin shekara 5, kashi 36.1 kuma cikin shekara 10. Masana na cewa wani ɓangare na wannan tsufa ne da zai zo ko ba a yi aiki ba, wani ɓangare kuma ƙarin nauyin ne. Darasin ga manomi da makiyayi a fili yake: buhun kilo 100 ya bar kafaɗarsa ke nan, ko da hoto ya nuna ƙashi ya kama sarai.

Tsokar da aka janye lokacin aiki takan rame, wani sashe ya koma tabo da kitse. Wannan ne ke kawo gajiyar baya da yamma, kuma motsa jiki ne maganinsa. Ɗamarar baya tana da amfani na ɗan lokaci in likita ya ba da ita, amma wanda ya mayar da ita tufa tsokarsa ƙara mutuwa za ta yi. Ana kuma lura da lanƙwasar kwankwaso ta halitta: in aka haɗe baya a miƙe sosai, mutum yakan riƙa rinjaya gaba, yana gajiya da tsayuwa. Likitocin zamani na auna wannan kafin su ɗaure sanda.

Ƙarfen kansa yawanci titaniyom ne. Ba ya tsatsa, ba ya jawo tsawa, ba a kuma cire shi sai in ya kawo matsala. Ba ya hana mace ɗaukar ciki ko haihuwa, sai dai an fi so ta jira haɗin ya kama, ta kuma sanar da ungozomar asibiti tun awon farko. Zaman iyali yana dawowa bayan ƴan makonni bisa shawarar likita.

Sallah, gona da turmi

Abin da ya fi damun dattawa shi ne sallah. Shari'a ta riga ta yi sauƙi: hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba marar lafiya damar yin sallah a zaune in tsayuwa ta gagara, ko a kishingiɗe in zama ya gagara. A watannin farko majinyaci ya zauna kan kujera ya yi nuni. Da yawa sukan koma cikakkiyar sujada in likita ya tabbatar ƙashi ya kama. Limamai za su taimaka ƙwarai in suka riƙa faɗin wannan a masallaci, don kada kunyar sahu ta sa dattijo ya ɓata aikin da aka sayar da garke dominsa.

Gona kuwa lissafinta na damina ne. Wanda aka yi wa aiki da rani ya sa a ransa daminar bana ba tasa ba ce. Ƴaƴa da ƴan'uwa su karɓi gandun, a yi masa gayya. In lokacin komawa ya yi, hauya mai doguwar ƙota da ake noma da ita a tsaye, wadda manoman jigawar arewacin Maraɗi suka daɗe da sani, ta fi masa hauyar duƙe nesa ba kusa ba. A bakin rijiya ya riƙe akalar dabbar da ke ja, ya bar wa samari tarbar wasaki.

Mace ce ta fi shiga tsaka mai wuya. Namiji in an ce ya huta, yakan samu mai yi masa. Ita kuwa turmi na jiranta, ga murhu a ƙasa, ga wanki a duƙe, ga yaro na miƙo hannu a goya shi. Kunya ba za ta bar ta ta ce wa surukarta, "Inna, ba zan iya ba." Maigida ne ya kamata ya faɗa a madadinta, ya biya kuɗin injin niƙa, ya nemo ƙanwa ko ƴar'uwa ta zauna da ita wata shida, a ɗaga mata wurin girki da wanki zuwa tsayin ƙugu.

Abin da ya rage a yi

Nisa ne ke sa majinyata da yawa ba su komawa ganin likita bayan wata uku, wata shida da shekara, alhali a waɗannan ranaku ake gane ko ƙashi na kamawa. Akwai abin da za a iya yi ba tare da jiran sabon gini ba. A riƙa ɗaukar hoton baya a kusa, a aika wa likitan da ya yi aikin ta waya. A ba kowane majinyaci takardar sallama mai bayani da Hausa, boko ko ajami, wadda ta faɗi abin yi da abin bari wata bayan wata. A horar da ma'aikatan asibitocin karkara su koyar da motsa jikin baya, su kuma gane alamun hatsari. Gidajen rediyon gari su riƙa tunatar da jama'a cewa ciwon baya mai tafe da rama da zazzaɓi na bukatar gwajin tarin fuka.

Ga wanda aka ce za a yi wa aikin, ka tambayi likitanka dalili, gaɓa nawa za a haɗe, da ko akwai wata hanya ban da wuƙa. Ga iyalan wanda aka riga aka yi wa, ku sa kuɗin abinci, na komawa asibiti da na mai noma a madadinsa cikin lissafin jinya tun farko. Ku ɗauke masa kaya, ku raka shi tafiya safe da yamma, ku raba shi da taba, ku ba shi shekara guda cur. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa.